Filin Tambayi Likita: Ciki Ya Cika, Ƙafa Ta Ƙi Wuce Mai Tsire

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar. Ta farko ce za ta fi cin wuri, don amsarta ce za ta share wa sauran biyun hanya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne, shagona na Sabon Garin Zariya, gidana na Dogarawa, shekaruna arba'in da 'yan kai. Kullum bayan magariba uwargida kan aiko mini da tuwo a kula, in ci in ƙoshi har in rage wa yaran shago. Amma in na rufe wajen ƙarfe goma na biyo ta Kwangila, da na hango wutar mai tsire sai kawai in ga na faka mashin. In saya, in kora da lemo mai sanyi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, naman ba ya yi mini daɗin da yake yi a da, wani lokaci ina ci ina jin haushin kaina. Watan jiya aka gwada ni aka ce sugana ya fara hawa. Uwargida ta ce kwaɗayi ne, wani abokina ya ce tsutsar ciki ce. Wane ne mai gaskiya, kuma yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa allura da zare albarka.

Abokinka mu sallame shi tun da wuri. Tsutsar ciki ba ta duba agogo, ba ta kuma san hanyar Kwangila ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kai bayan gida ɗakin gwaji a duba, ba wani kuɗi ba ne. Uwargida ta fi shi kusa da gaskiya, sai dai sunan abin kawai ta faɗa, ba ta faɗi inda yake fitowa ba, kuma sai an san nan ake iya tare shi.

Abu biyu ke kai hannun mutum ga abinci, kowanne da mazauninsa a ƙwaƙwalwa. Na farko buƙatar jiki yake bi. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ake kira haifotalamus, nauyinsa kamar giram 4 ne kacal, shi ke karɓar saƙonni daga jiki. In tumbi ya zama wayam sai ya saki wani sinadari mai suna girelin, wanda masu bincike a Jafan suka gano a 1999, ya tafi ya ce a nemo abinci. Kitsen jiki ma na da nasa, leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1994, shi kuma labarin abin da ke ajiye yake kaiwa. In ka ci tuwo tumbi ya buɗe, hanji ya aika nasa saƙon, sai a ce maka ya isa. Wannan ɓangaren naka lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa kake rage wa yara.

Na biyun babu ruwansa da ko tumbi cike yake ko wayam. A 1954, a Jami'ar McGill ta Kanada, James Olds da Peter Milner suka dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani ɗan ƙarfe da ɓeran zai iya takawa da kansa. Duk takawa sai 'yar wutar lantarki ta taɓa wurin. Nan da nan ɓeran ya gane, ya dinga takawa sau ɗaruruwa a awa guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya har an ga ɓeraye da yunwa a cikinsu, ga abinci a gefe, sun ƙi kula shi suna ta taka ƙarfe. Sai aka ce ai an gano cibiyar daɗi, kuma da aka gane cewa sinadarin dofamin ne ke aiki a wannan hanya, sai aka laƙaba masa sunan sinadarin jin daɗi. Har gobe haka za ka ji masu bidiyo a Facebook da TikTok suna faɗa.

Ba haka abin yake ba, kuma wasiƙarka ma shaida ce. A ƙarshen shekarun 1980, Kent Berridge da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka raba wasu ɓeraye da kusan dukkan dofamin ɗinsu, sannan suka ɗiga musu ruwan suga a baki suna kallon fuskarsu. Ɓera in ya ji zaƙi yakan fito da harshe yana lashe baki a hankali, in ɗaci ne ya wage baki yana girgiza kai. Waɗannan ɓerayen sun lashe baki kamar kowane ɓera. Daɗin yana nan daram. Amma in aka ajiye abinci kusa da su ba za su tashi su ci ba, yunwa za ta kashe su in ba a ɗura musu ba. Abin da suka rasa shi ne nema. Jin daɗin kansa daga wasu 'yan ƙananan wurare yake fitowa, masu aiki da wasu sinadaran da jiki ke haɗawa, dangin abin da ke cikin kodin. Dofamin kuwa kamar ɗan kamasho yake a tasha. Aikinsa ya hango ka daga nesa, ya karɓe jakarka, ya tura ka mota. Ko kujerar na da laushi ko ƙarfe ne zai yi ta sukar ka har Kaduna, wannan ba damuwarsa ba ce, gobe ma da wannan muryar zai kira ka.

To yaya aka yi ya san Kwangila? Wannan Wolfram Schultz ne ya warware shi a Suwizalan a shekarun 1990, da birai. Yana sauraron ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da dofamin ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace. In abin ya zo wa birin ba zato, ƙwayoyin sai su zabura a daidai lokacin da ruwan ya taɓa harshe. Sai ya fara kunna fitila kafin ya ba shi. Bayan an maimaita sau da yawa, zaburar ta tashi daga kan ruwan ta koma kan fitilar. Ruwan ya zo, shiru. In kuwa an kunna fitila aka hana shi ruwan, a daidai lokacin da ya saba zuwa sai ƙwayoyin su yi ƙasa fiye da yadda suke a da. Ka lura da wannan na ƙarshe da kyau, shi ne ɗan ƙuncin nan da kake ji a daren da ka daure ka wuce.

Na san irin wurin da kake nufi, don ni ma hanyata ce in na taso daga Samaru. Fitila a rataye, tsinkaye a kafe sun kewaye tukuba, mai yana ɗiga kan garwashi yana cas-cas, hayaƙin ƙuli da yaji ya tsallako titi ya shiga motar da gilashinta ke rufe, mai tsiren yana yanka albasa a kan takarda da wuƙar nan da ta sha washi har ta zama siririya. A daren farko da ka tsaya, mai yiwuwa da yunwa ka tsaya, naman ya yi maka daɗin da ba ka zata ba, ƙwaƙwalwa ta riƙe duk abin da ke wurin: hayaƙin, hasken, kwanar da kake rage gudu, ƙarfe goman, har gajiyar bayanka. Yanzu waɗannan ne fitilar birin. Kafin ka yi tunani sun riga sun yi aikinsu, shi ya sa ka rubuta "sai kawai in ga na faka". Naman da ka sani ciki da bai ba sabon labari ba ne, daɗinsa ya dushe, amma kiran da alamomin ke yi sai ƙaruwa yake da maimaici. Berridge da Terry Robinson sun yi amfani da wannan bayanin a 1993 wajen fassara halin masu shaye-shaye, waɗanda za su rantse maka abin ya daina yi musu daɗi amma ba su fasa nema ba. Ban ce tsire ƙwaya ba ne. Hanyar ce ɗaya, ƙarfin bugun ne ya sha bamban nesa ba kusa ba.

Kar kuma wani ya ce maka dofamin guba ne da za a yi azuminsa, kamar yadda nake ji ana yaɗawa. Shi ke tashe ka da asuba ya kai ka shago. Mutuwar ƙwayoyinsa ce ke kawo ciwon Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki. Kuma wasu daga cikin magungunan ciwon, masu kwaikwayon dofamin, an tabbatar suna jefa wasu marasa lafiya cikin caca ko cin abinci ba ƙaƙƙautawa, dattawan da ba su taɓa yin haka ba a rayuwarsu, in an rage maganin abin ya lafa. Duk lokacin da na ji an cika baki da zagin mai kwaɗayi, waɗannan dattawan nake tunawa.

Akwai wani abu da ya shafe ku teloli musamman. A 2004 Karine Spiegel da Eve Van Cauter a Chicago suka taƙaita barcin samari 12 zuwa awa 4 na dare biyu. Leftin ɗinsu ya sauka da kashi 18 cikin 100, girelin ya hau da kashi 28, yunwa ta ƙaru, kuma abin da ransu ya fi biyawa shi ne kayan zaƙi da na gishiri da masu sitaci. Ka tuna yadda shagonku ke zama in sallah ta matso, keke na kuka har asuba, kwalaben lemo sun taru a ƙarƙashin teburin yanka. Ba haɗuwa ce ta banza ba.

Yanzu me za ka yi? Ni a ganina gaban tukuba ba wurin gwada ƙarfin zuciya ba ne, don kafin ka iso nan an riga an ci rabin yaƙin. In akwai wata hanyar zuwa gida, ko da ta fi nisa, bi ta na 'yan makonni. In babu, to ka zo wurin da wani abu a gabanka: raba tuwon nan biyu, ka ci rabi bayan magariba, rabi dab da rufe shago, ko ka ɗauko ɗaya daga cikin yaran shago a bayan mashin ka faɗa masa tun daga Sabon Gari cewa yau ba tsayawa. Da can nakan ce mutum ya bar kuɗi a shago, amma yanzu mai tsire ma tiransifa yake karɓa, wannan dabarar ta mutu.

Abu na biyu, in za ka bar ɗaya kaɗai, lemon za ka fara bari, ba naman ba. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da suga kamar giram 10 a kowane mililita 100, wato robar rabin lita ta kai giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada irin wannan suga ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wanda ga babban mutum kusan giram 50 ɗin ne, ta ce in an tsaya a rabin haka ma ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabonka na yini, ga mai sugan da ya fara hawa, kuma da daddare dab da kwanciya. Tsiren kuma ban ce ka rantse ka bar shi har abada ba. Ka sa masa rana, ka ce Juma'a, a naɗe maka ka kai gida, a ci da uwargida da yara, da albasa da tumatir da ruwa. Haka za ka raba naman da wurin da lokacin da suka saba kiran ka.

Makon farko zai yi wuya, daga nan kiran zai yi sanyi. Amma ka sani ƙwaƙwalwa ba ta goge tsohon darasi, sabo take ɗorawa a kai. Tun zamanin Pavlov, masanin nan na Rasha, da karnukansa aka ga haka: a daina ba kare nama bayan alama har yawunsa ya daina zuba, a bar shi ya huta, a sake yin alamar, sai yawun ya dawo. Saboda haka in wata rana, bayan wata biyu, ranka a ɓace wani kwastoma ya zage ka kan ɗinki, ka ga ka faka, ba rushewar aikin ba ke nan. Washegari ka koma tsarinka. Sannan ka koma asibiti ka nemi gwajin nan da ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku, shi zai faɗa maka ainihin inda kake.

TAMBAYA: Likita, ni uwa ce daga Ƙofar Doka. Ɗana mai shekara biyar loma uku zai yi ta tuwo ya ce ya ƙoshi, amma ko hannu bai wanke ba in ya ga biskit ko cincin sai ya miƙo hannu. Kakarsa ta ce ƙarya yake yi, in tsawata masa. Ni kuma nakan ce masa in ya cinye tuwonsa zan ba shi alewa. Daidai nake yi?

AMSA: 'Yar'uwa, a gaida Hajiya kaka da kyau, amma a wannan karon jikanta ba ƙarya yake ba. Ƙoshi ba dunƙule yake zuwa ba, kowane ɗanɗano da nasa. Kina cikin cin abu ɗaya daɗinsa ke raguwa loma bayan loma, alhali abin da ba ki taɓa ba daɗinsa na nan cif. Barbara Rolls da abokan aikinta sun auna wannan a Ingila a 1981: mutanen da aka ba burodi da haɗi iri huɗu sun ci ƙarin kashi ɗaya bisa uku a kan lokacin da aka ba su iri ɗaya. Mu ma mun sani ba tare da ma'auni ba. Duba tabarmar buɗa-baki a gidajenmu: kunu, ƙosai, dankali da ƙwai, farfesu, kankana, zoɓo, sannan a ce a kawo abinci. Da shinkafa kaɗai aka ajiye, da rabin wannan ba a ci ba.

Zaƙi kuma da shi aka haifi yaro. Jariri sabon haihuwa, in aka ɗiga masa ruwan suga fuskarsa sakewa take yana tsotsar leɓe, in ɗaci ne ya yamutsa ta, tun bai koyi komai ba. Miyar kuka da ɗacin ganye sai an koya. Biskit da cincin kuwa sun haɗa mai da gari da suga wuri ɗaya, kuma wani bincike a Jami'ar Yale a 2018 ya nuna abincin da ya haɗa mai da sitaci ya fi tayar da hanyar nan ta dofamin fiye da mai ɗauke da ɗaya kawai. Manya ma ba su tsira ba. A 2019 Kevin Hall ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike a Amurka, mako biyu ana ba su abincin kamfani, mako biyu abincin da ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin abinci) kamar 500 a yini, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, alhali da aka tambaye su ba su ce ya fi ɗayan daɗi ba.

Inda zan ɗan ja miki kunne shi ne cinikin nan na tuwo da alewa. Leann Birch ta daɗe tana nazarin cin yara a Amurka tun shekarun 1980, kuma abin da ta gani shi ne abincin da aka mayar lada darajarsa ƙaruwa take a idon yaro, wanda aka mayar sharaɗi kuma ya ƙara fita ransa. Wato kullum kina koya masa cewa tuwo wahala ce, alewa ce sakamako. Ki zuba masa kaɗan, ki zauna ku ci tare, in ya ce ya ƙoshi ki ɗauke ba faɗa ba roƙo, amma kuma babu biskit sai lokacin abinci na gaba ya zo. Sabon abinci kan buƙaci a kawo wa yaro sau takwas, goma ko fiye kafin ya karɓa, iyaye da yawa kuma a na uku suke gajiya. Kayan kwalam su bar kan firji inda ido ke gani. In yana rama ko ba ya girma kamar tsaransa, wannan maganar awo ce a asibiti.

Wannan hali yana da ranarsa ta wani gefen. In kina jinyar tsoho ko marar lafiyar da ya ƙi cin abinci, kar ki cika masa kwano da abu ɗaya. Kaɗan-kaɗan iri uku ya fi shiga.

TAMBAYA: Anti Likita, ni ɗaliba ce a Samaru, bikina bayan sallah. Siririya ce ni, ƙawayena sun ce in sha sha-ka-fashe don in ciko kafin lokacin. Sun ce buɗe ciki kawai yake yi. Akwai illa?

AMSA: 'Yata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Akwai illa, kuma babba. Abin da ake sayarwa da wannan suna yawanci ɗayan biyu ne, ko a haɗa su. Akwai sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana toshe wasu saƙonnin ƙoshi a ƙwaƙwalwa, sai yunwa ta ƙaru, ga barci da kasala, ke da ke da jarrabawa a gaba. Akwai kuma dekzametason, shi ne mai haɗarin. Yana buɗe ciki da gaske, amma ƙibar da yake kawowa ba wadda kike nema ba ce. Fuska ce ke kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa su ƙara sirancewa don tsokar na narkewa. Fata ta yi laushi ta tsage, ƙuraje su feso, al'ada ta rikice, suga da hawan jini su biyo baya, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi.

Ki fara da hawa sikeli a auna tsayinki da nauyinki. Ana raba nauyi na kilo da tsayi na mita sau kansa, in lissafin bai gaza 18.5 ba, ba ki rame ba, ƙirarki ce haka. In ya gaza, ko kuma kwanan nan kika fara zubewa, sai a nemi dalili, don tarin fuka, ciwon suga, matsalar maƙoƙo da damuwa duk suna ramar da mutum, ƙwayar buɗe ciki kuma rufe alamar kawai za ta yi. In an duba babu komai, ki ƙara ci tsakanin abinci da abinci: gyaɗa, ƙwai, fura da nono, awara, ayaba, kunun gyaɗa da madara, ki kuma samu barci.

In cikin ƙawayen nan akwai wadda ta yi makonni tana shan dekzametason, ki faɗa mata kada ta yanke shi rana ɗaya. Jikinta ya rage haɗa nasa sinadarin saboda na waje da yake samu, yankewa farat ɗaya na iya sa jininta ya faɗi har ta suma. Ta ɗauki kwalin ko sauran ƙwayoyin ta kai wa likita, a tsara mata yadda za ta rage a hankali.